Tsakanin Fata da Shiri: Kalmomin Gobe a Bakin Ma'aikaci

'Yan uwana masu neman halak da guminsu, teloli da direbobi, magina da makanikai, ma'aikatan jinya da malaman makaranta, masu shaguna a Kantin Kwari da masu auna hatsi a Dawanau! Akwai wata magana da ake yi wa kallon ƙarama, alhali a kanta kuɗi na salwanta, ciniki na ɓaci, amana na zubewa. Maganar ita ce: idan za a yi batun abin da bai faru ba tukuna da Turanci, wace kalma ake ɗauka, kuma mene ne nauyin kowace ɗaya?

Kowace sana'a cinikin gobe ce. Tela na karɓar yadi yau, ɗinki sai wani makon. Direba na lodi a Legas, kaya sai sun kwana a hanya kafin su sauka a Kano. Ma'aikacin ofis na yin wata guda cur kafin ya ga albashi. Shi ya sa galibin maganar da ake yi a wurin aiki a kan abin da ke tafe ne: yaushe za a gama, yaushe za a biya, yaushe kaya za su iso. Yanzu kuma wannan magana ta koma cikin waya da takarda, a saƙon WhatsApp da imel da yarjejeniya, kuma da yawa da Turanci ake yin ta, domin shi ne harshen gwamnati da banki da kotu a Najeriya da Gana, da shi kuma ake ciniki da mai masana'anta a Sin ko dillali a Dubai.

Ku dubi wannan. Ɗan kasuwa ya tura kuɗin kaya, sai aka rubuto masa: “We hope to ship next week.” Wani kuma aka rubuto masa: “We expect to ship next week.” Dukansu biyu suka karanta, suka ce an ce kaya na tasowa mako mai zuwa. Amma ba abu ɗaya aka faɗa musu ba. Na farko an gaya masa abin da ake so ne kawai, babu wanda ya ɗaure kansa. Na biyu an gaya masa abin da lissafi ya nuna, da alama kaya sun haɗu, an kuma san jirgin da za su hau. Idan na farkon ya je ya karɓi kuɗin mutane ya sa musu rana, ranar da za ta zo shi kaɗai zai tsaya a gabansu.

Kada wannan ya karya muku gwiwa. Wannan bambanci kun daɗe da saninsa a harshenku. Muna da fata, muna da tsammani da sa rai, muna da jira da dako, muna da ɗoki da fargaba, muna da hasashe da hange. Yaron da bai taɓa shiga aji ba ya san “ina fatan Baba ya dawo yau” daban yake da “ina jiran Baba a ƙofar gida”. Hankalin da ake buƙata yana nan tare da ku tun kuna goye. Abin da ya rage shi ne ku san wace kalmar Turanci ce ke ɗaukar wane kaya. Ba su wuce goma ba, kuma wanda ya iya haddace farashin kaya ɗari a shagonsa ba za su gagare shi ba.

Mu fara da “hope”. Ita ce fata. Tsohuwar kalma ce, ta haura shekara dubu a cikin Turanci, kuma aikinta shi ne nuna abin da zuciya ke so. Ba ta ɗauke da hujja, ba ta ɗauke da alƙawari. Manomi zai iya cewa “I hope it rains” ko da sama wasai take babu ko ɗigon hadari. In abokin ciniki ya ce maka “I hope to pay on Friday”, ka yi masa addu'ar Allah ya hore, amma kada ka yi wa wani alƙawari da wannan kuɗin. Kai ma in ba ka da tabbacin gama aiki, faɗi “I hope” da gaskiyarka, hakan ya fi maka mutunci a kan sa ranar da ka san da wuya ka cika. Fata abu ne mai daraja, ita ke tayar da mutum da asuba ya nufi kasuwa bayan jiya bai yi ciniki ba. Amma ba a rubuta ta a littafin shiga da fita.

Sai “wait”, wato jira. Wannan aikin jiki ne da lokaci: ka dakata, kana nan har abu ya zo. Tana tafiya da “for”, sai a ce “I am waiting for the driver”. 'Yar uwarta “await” ta takardun ofis ce, ita kuma ba ta son “for”, sai dai “We await your reply”. Abin lura shi ne jira yana ɗaure hannu, tsammani kuwa ba ya ɗaurewa. Za ka iya tsammanin motar kaya ranar Alhamis kana ta harkokinka tun Litinin. Ba ka fara jira ba sai ka bar komai ka tsaya a bakin gareji. Turawa sun aro kalmar ce daga tsohon Faransanci, inda ma'anarta ta farko ita ce gadi da sa ido. To, in jira ya zama dole, ku yi irin na mai gadi, ido buɗe, kunne a shirye. Zaman jiran gawon shanu, ana jiran gwamnati ta ɗauki aiki, ana jiran wani ɗan uwa ya turo jari, shi ya cinye ƙuruciyar mutane da yawa masu basira.

Yanzu ga babbar kalma, “expect”. Daga Latin ta shigo Turanci a ƙarni na 16, kuma tushenta yana nufin leƙawa a hango abin da ke zuwa. Ita ce tsammani mai hujja. Ba ruwanta da ko kana so ko ba ka so. Mai shago zai ce “I expect prices to rise” alhali ba ya ƙaunar tashin farashi, lissafi ne ya nuna masa. Ma'aikatan jinya sun fi kowa sanin wannan kalma. A katin awon mai juna biyu ana rubuta ranar da ake tsammanin haihuwa, wadda ake samu ta ƙirga kwana 280, wato mako 40, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Jarirai kaɗan ne ke zuwa a ranar daidai, amma da wannan lissafi ake tsara komai, daga allurai har zuwa tanadin kayan haihuwa. Haka tsammani yake: ba tabbas ba ne, amma ya isa a gina shiri a kansa.

Sai dai “expect” tana da fuska ta biyu, kuma a nan ne sababbin ma'aikata ke yawan faɗawa rami. Idan oga ya ce “I expect you here by eight”, ba hasashe yake yi ba, umarni ya bayar cikin ladabi: ƙarfe takwas ta same ka a nan. Tarihin Ingila ya adana misali mai kyau. Ranar 21 ga Oktoba, 1805, jiragen yaƙin Birtaniya 27 sun fuskanci 33 na Faransa da Sifaniya a teku kusa da Trafalga. Kwamandan Birtaniya, Horatio Nelson, ya so a ɗaga tutoci a isar wa dakarunsa saƙon cewa Ingila ta amince kowa zai sauke nauyin da ke kansa, kuma kalmar da ya zaɓa ita ce “confides”. Jami'in da ke kula da tutoci, John Pasco, ya ce masa wannan kalma ba ta cikin littafin alamomi, sai an jera ta harafi bayan harafi, ga shi kuma lokaci ya ƙure. Amma “expects” tana ciki, ɗagawa ɗaya ta wadatar. Nelson ya yarda nan take. Da wannan canji saƙon ya tashi daga nuna amincewa ya koma neman haƙƙi: ƙasa na bin kowa bashin aikinsa. Har yau Turawan Ingila na tunawa da wannan saƙo, kuma kalmar da ta fi ƙarfi a cikinsa daga bakin ƙaramin jami'i ta fito, mutumin da ya san aikinsa ciki da bai har babban kwamanda ya saurare shi.

Wannan fuska ta biyu taku ce ku ma. Magini ya gama gini, kafinta ya kai kujeru, mai ɗinki ta miƙa kaya, sai a zo rubuta saƙon neman kuɗi a ce “I hope you will pay me”. Haba! Kuɗin gumi ba kyauta ba ne da za a yi fatansa. Rubuta “I expect payment by Monday”. Babu rashin kunya a ciki, babu tsiwa. Magana ce ta mutumin da ya cika nasa alƙawari yake neman a cika masa. Wanda ya karanta zai gane yana hulɗa da wanda ya san ciwon kansa.

“Look forward to” kuwa ɗoki ce, tsammani mai haɗe da murna. Da ita ake rufe wasiƙa: “I look forward to hearing from you.” Ku lura da cewa aikatau da ke binta yana ƙarewa da “ing”, wannan ɗan abu kaɗai yakan nuna wa mai karatu cewa marubucin ya kula. Ba a amfani da ita sai a kan alheri. Kishiyarta ita ce “dread”, wato fargabar abin da ke tafe, irin wadda ke kama mai haya idan ƙarshen shekara ya gabato aljihu ba nauyi.

Sai “predict” da “forecast”, kalmomin hasashe. A waɗannan ba a zuci ake barin abu ba, fitowa ake yi a faɗa tun bai faru ba. “Forecast” ta fi zama ta masu aiki da alƙaluma, kuma tana da labari. A watan Oktoba na 1859 wata guguwa ta farfasa jirgin ruwa mai suna Royal Charter a gaɓar Wales, mutum fiye da 400 suka halaka. Robert FitzRoy, tsohon matuƙin jirgin ruwa wanda ke shugabantar ofishin nazarin yanayi na Birtaniya, ya ce bai kamata irin wannan ta ci gaba da zuwa wa mutane ba zato ba. Ya sa ana auna iska da nauyinta a tashoshin gaɓar teku, ana turo masa sakamako ta wayar tangaraho. A 1861 ya fara aika gargaɗin guguwa ga masunta da matuƙa, kuma ranar 1 ga Agusta na wannan shekara jaridar The Times ta fara buga hasashen yanayinsa. Shi ya yaɗa kalmar “forecast” a wannan fanni, don a bambanta aikinsa da duba da bokanci: abin da ya faɗa daga awo da lissafi ya fito. An yi masa ba'a duk lokacin da hasashe ya kuskure, amma aikin da ya assasa ya ceci rayukan da ba su ƙirguwa. Irin wannan aiki ne hukumar NiMet ke yi a Najeriya, inda kowace shekara take fitar da hasashen damina: lokacin da ake tsammanin saukar ruwa a kowane yanki, lokacin ɗaukewarsa, da inda ake fargabar fari a tsakiyar damina. Manomin da ya saurara ya zaɓi irin da ya dace da tsawon daminarsa bai yi shisshigi ga ikon Allah ba, ya yi aiki ne da ilimin da Allah ya hore wa bayinsa.

“Foresee” hange ce, ganin abu da idon basira tun yana nesa. Wannan kalma tana da nauyi a kotu. A 1928, a garin Paisley na Sukotlan, wata mata mai suna May Donoghue ta sha lemon citta na kwalba, ta ce an tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a ciki, ta kuma yi rashin lafiya. Shari'ar ta kai kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci, kuma a 1932 alƙali Lord Atkin ya kafa ƙa'idar da ta zama ginshiƙi: wajibi ne mutum ya kiyaye duk cutarwar da mai hankali zai iya hangowa cewa aikinsa zai jawo wa wani. Kotunan Najeriya da Gana sun gaji wannan ƙa'ida. Ma'anarta ga mai sana'a a fili take. Makaniken da ya mayar da taya bai ɗaure noti da kyau ba, maginin da ya rage siminti a ginshiƙi, mai abincin da ta bar miya ta kwana ba ɗumi, ba za su tsira da cewa “ban yi tsammani ba”. Tambayar da za a yi ita ce: mai hankali a matsayinka zai hango ko ba zai hango ba? Hange wani ɓangare ne na sana'a, kamar yadda iya riƙe sufana yake.

Na bar “anticipate” a ƙarshe don ita ce nake so ku riƙe da hannu biyu. Ita ma daga Latin take, tushenta na nufin kama abu tun kafin ya iso. Wanda ya yi “expect” ya san abu na zuwa. Wanda ya yi “anticipate” ya san yana zuwa, ya kuma tashi ya tare shi a hanya. A 1926 masanin Turanci H. W. Fowler ya yi ƙorafi a ƙamus ɗinsa na ƙa'idojin amfani da harshe cewa mutane na ɗaukar wannan kalma su sa a gurbin “expect” don kawai ta fi tsawo da ƙawa, suna zubar da ainihin amfaninta. Har yau ana yin hakan, kuma ƙamusoshi sun karɓa. Amma a bakin masu koyar da tuƙi da masu horar da 'yan ƙwallo da likitocin tiyata, tsohuwar ma'anar na nan daram. Direban kirki da ya hango akuya a gefen titi yakan ɗaga ƙafa daga totur ya kusantar da ita birki tun akuyar ba ta yi tsalle ba. Wannan shi ne “anticipate”.

Ku duba teloli biyu a layi ɗaya. Dukansu sun san Sallah na zuwa, dukansu sun san ɗinki zai yi yawa, sun san za a riƙa ɗauke wuta. A tsammani, kunnen doki suke. Amma ɗaya tun watan Sha'aban ya sayi zare kala-kala da allurai da zif da maɓallai kafin su yi tsada. Ya kai janareto an duba, ya ajiye fetur a jarka, ya sa wa kekuna mai. Ya ɗauki yara biyu ya koya musu kalmasa da guga tun aiki bai taso ba. Ya buɗe littafi, kowane yadi da sunan mai shi da awonsa da ranar karɓa. Goma ga azumi ya rufe karɓar sabon ɗinki, duk wanda ya zo ya ba shi haƙuri da fara'a, ko da kuwa kuɗin na ba shi sha'awa. Ranar jajibere kaya na jere a leda, kowa ya zo ya ɗauki nasa yana sa albarka. Ɗayan kuwa ya karɓi duk abin da aka kawo, yana cewa za a yi, za a yi. Daren Sallah wayarsa a kashe, mutane cirko-cirko a ƙofar shago, yara na kuka. Ba ƙwarewa ce ta raba su ba, mai yiwuwa ma na biyun ya fi iya aska biyu da sarrafa wuyan riga. Shiri ne ya raba su. Magabata sun gama magana da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce, ai gobe ta Allah ce. Gaskiya ne, babu mai musu, shi ya sa ba ma rabuwa da in sha Allahu a duk maganar da ta shafi gaba. Amma kalma ce mai tsarki, ta mai niyyar cikawa ce wanda ya yi iya yinsa ya bar wa Mai Duka sauran. Kada mu mayar da ita mafakar alƙawarin da tun farko ba mu yi niyyar cikawa ba. Allah ya ce tashi in taimake ka. Dogaro ga Allah da sayen zare tun Sha'aban ba sa karo da juna.

To, ta ina za a fara? Ku ɗauki kalma ɗaya kowane mako. Ku rubuta ta a bayan littafin ciniki tare da jimla ɗaya da ta shafi sana'arku, ku sa ta a saƙon da za ku tura wa abokin hulɗa kafin mako ya ƙare. In an rubuto muku “hope” a kan kuɗi ko kaya, ku mayar da tambaya cikin ladabi: “When do you expect it?” Ku nemi a sa rana. In ɗanku ko ƙanwarku na makaranta, ku zaunar da su bayan sallar isha'i su karanta muku, ku kuma ku koya musu abin da kalmar ke jawowa a kasuwa, wanda babu shi a littafin aji. Kada kunyar karyayyen Turanci ta rufe muku baki. Waɗanda suka koyi Turanci daga baya sun ninka 'yan asalinsa yawa a duniya. Mai masana'antar da kuke ciniki da shi a Guwanzu ta Sin shi ma koya ya yi, da tuntuɓe da gyara. Ba lafazin Landan ake nema a wurinku ba. Abin da ake nema shi ne in kun ce “hope” a san fata ce, in kun ce “expect” a san za a iya dogara, in kun sa rana a same ku a kanta.

Ku ne ke ɗinka suturar da ake sawa, ku ke gina ɗakin da ake kwana, ku ke kai hatsi daga gona zuwa tukunya, ku ke karɓar haihuwa da tsakar dare. Mutanen da ke ɗauke da wannan nauyi ba su cancanci a cuce su da kalma ɗaya a takarda ba, ba su kuma cancanci su zauna suna jiran abin da gobe za ta jefo musu ba. Ku yi fata, domin zuciya ba ta rayuwa sai da ita. Ku yi lissafi, domin fata kaɗai ba ta biyan kuɗin makaranta. Ku nemi haƙƙinku da kalmar da ta dace da shi, kai a ɗage. Sannan ku tashi tun yau ku tanadi abin da aikin wata mai zuwa zai buƙata, ku gyara abin da kuka hango zai lalace, ku koyi abin da kuka ga kasuwa za ta nema. Allah ya yi wa sana'o'inku albarka, ya ƙara muku basira da ƙarfin gwiwa, ya sa guminku ya zama silar arzikin zuriyarku. A tashi a kama aiki!